Daga ɗan ta'adda zuwa ɗan gaye

Wanda ya saba kallon bidiyo a YouTube ko TikTok ya san gaisuwar nan ta "hi guys". Mai koyar da girki da ita take buɗe baki, mai tallan waya da ita yake farawa, har matasanmu masu bidiyo da Hausa zalla sai sun jefo ta kafin su shiga zance. Kalma ce mara nauyi, mai sa mutum ya ji kamar cikin abokai yake. Da wuya ka samu wani cikin masu furta ta da ya san sunan mutum yake kira, Guy Fawkes, mutumin da gwamnatin Ingila ta kashe a 1606 bisa laifin cin amanar ƙasa, ta kuma kafa doka don kada a daina tuna abin da ya yi.

Na ɗauko zancenta ne saboda wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a zamanin nan, ta tono asalin kalma a mayar da shi hukunci. Sai ka ga saƙo yana yawo a WhatsApp, wai kalma kaza tushenta kaza ne, don haka duk mai faɗinta ya yi saɓo ko zagi bai sani ba. Turawa ma suna da nasu salon. A ganina wannan tunani gurgu ne, kuma tarihin kalmar "guy" kaɗai ya isa ya kayar da shi.

Guy Fawkes ɗan birnin York ne, an haife shi a 1570. Ya koma ɗariƙar Katolika a lokacin da zama ɗan Katolika a Ingila ba ƙaramin jidali ba ne. Wanda ya ƙi zuwa cocin gwamnati tarar fam 20 ake ɗora masa duk wata, kuɗin da lebura ba ya samu a shekara guda, limamansu kuwa in an kama su ana iya kashe su. Sai ya bar ƙasar ya shiga rundunar Sifaniya da ke yaƙi da 'yan Furotesta a yankin Holan. Can ya goge a aikin soja, a wannan zama na ƙetare kuma ya fara kiran kansa Guido.

Ba ma shi ne jagoran makircin ba. Wani mai suna Robert Catesby ne ya kitsa shi, ya tara mutane har suka kai su 13. Niyyarsu su tarwatsa majalisar dokoki ranar buɗe ta, 5 ga Nuwamba 1605, lokacin da Sarki James na Ɗaya da manyan ƙasa duk suna ciki, sannan su sace 'yar sarkin mai shekara 9, Elizabeth, su ɗora ta kan gadon sarauta su riƙa juya ta. Suka kama hayar wani ɗaki da ke ƙarƙashin zauren majalisar, suka jibge ganga 36 ta albarushi, suka lulluɓe da itacen wuta. Fawkes aka bar wa gadi da kunna wuta, yana yawo da sunan ƙarya, John Johnson, a matsayin baran ɗaya daga cikinsu. Abin da ya tona musu asiri wasiƙa ce mara sa hannu da aka aika wa wani ɗan majalisa, Lord Monteagle, ana gargaɗinsa kada ya je zaman. Shi kuwa ya miƙa ta ga hukuma. Da tsakar daren ranar aka kama Fawkes a ɗakin, da agogo da lagwani a jikinsa. Fitilar da aka ce ita ce a hannunsa tana nan a wani gidan tarihi a Oxford.

An kai shi kurkukun Hasumiyar Landan, sarki da kansa ya ba da izinin a gana masa azaba. Akwai takardun da ya sa wa hannu, kuma duk wanda ya kwatanta su zai ga abin da ya faru ba sai an gaya masa ba. Sa hannun da ya yi bayan azaba "Guido" ne kawai a karkace, alƙalamin yana rawa, da ƙyar ake karantawa. Ranar 31 ga Janairu 1606 aka kai shi wurin rataya. Ya faɗo wuyansa ya karye, ya tsira daga farke ciki da rai, amma duk da haka sai da aka yi gunduwa-gunduwa da gawarsa. Ba wanke shi nake yi ba. Da shirin ya yi nasara, da an hallaka ɗaruruwan mutane a lokaci guda, kuma da a yau ne, ɗan ta'adda za a kira shi, ba wani suna ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. A watan Janairun nan majalisa ta kafa doka cewa duk 5 ga Nuwamba kowa ya je coci a yi godiya bisa kuɓutar sarki. Dokar ta zauna har 1859, wato shekara 253 gwamnati tana tilasta wa jama'a tunawa. A waje kuwa ana hura wuta a dandali ana ƙona mutum-mutumi. Da farko na Fafaroma da na Shaiɗan aka fi ƙonawa, daga baya na Fawkes ya karɓe fage. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 abin ya koma hannun yara. Su samo tsohon wando da yagaggiyar riga, su cusa ciyawa ko tsumma, su liƙa masa fuska, su kafa masa hula, su ɗora shi a baro ko su jingina shi a kusurwar titi suna roƙon masu wucewa kwabo don "guy". Wanda ya yi tashe yana yaro ya san irin wannan hidima, da dariyar da ke cikinta, da ƙirga kuɗi in an tashi. Kwabban da suka tara su sayi abin wasan wuta, da dare kuma a jefa mutumin tsumman a wuta.

A nan sunan ya fara zamewa. Yaron da ke tura baro ba ruwansa da rikicin Katolika da Furotesta. Abin da ya sani shi ne wannan tsumman da ke gabansa sunansa "guy", na unguwar gaba ma "guy" ne, in sun haɗu sun zama "guys". Sunan yanka ya koma sunan abu. A farkon ƙarni na 19 an riga an fara rubuta kalmar da ma'anar mutum-mutumi. Zuwa shekarun 1830 ta koma kan mutum mai rai, wanda ya yi shigar banza, kaya sun yi masa jagwab, ko ya yi kwalliyar da ta zama abin dariya. A Ingila ta wancan lokaci, ka ce wa mace ta zama "guy" ka ci mata fuska ke nan. Har aikatau aka samo daga ciki, mai nufin yi wa mutum ba'a.

A Amurka aka ƙarasa aikin. Turawan da suka yi ƙaura can sun tafi da bikin, a Boston ma Ranar Fafaroma ake ce masa, samarin unguwanni biyu na garin suna ba hamata iska kan wanda zai ƙwace mutum-mutumin ɗaya. A Nuwamban 1775 George Washington, jagoran sojojin Amurka masu neman 'yancin kai, ya hana sojojinsa yin bikin, ya kira shi al'adar yarinta, domin a lokacin yana neman goyon bayan 'yan Katolikan Kanada a yaƙinsa da Ingila. Bayan samun 'yancin kai bikin ya mutu, don ba mai sha'awar murnar kuɓutar sarkin Ingila. Kalmar ta zauna a can, wutar kuwa ta mutu. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 Ba'amurke yana cewa "guy" yana nufin wani mutum kawai, da farko da ɗan raini a ciki, daga baya rainin ma ya gushe. Finafinai da sojoji da rediyo suka baza ta duniya a ƙarni na 20, har ta koma Ingila da sabuwar ma'anarta, jikokin masu tura baro suka karɓa.

To a duba. Hukuma mai ƙarfi ta sa doka, ta sa coci, ta sa biki, duk don sunan nan ya dawwama cikin tsinuwa. Yawan ambaton da aka tilasta shi ne ya cire masa dafi. A 2002 da BBC ta nemi jama'a su zaɓi gwarazan Birtaniya 100, Fawkes na 30 ya zo. Fuskar roba mai gashin baki da masu zanga-zanga ke sawa, tun daga 'yan kutsen intanet na Anonymous a 2008 har masu zaman dirshan a New York a 2011, fuskarsa ce, wai alamar 'yanci, alhali shi ba 'yancin kowa ya nema ba, sarautar Katolika ya so ya dawo da ita. Masu gadin fada har yau suna zagaya ƙarƙashin majalisa da fitilu kafin a buɗe ta, al'ada kawai. A garin Lewes da ke kudancin Ingila ne abin bai huce sosai ba, duk shekara ana ƙona mutum-mutumin Fawkes da na Fafaroman zamaninsa, a haɗa da na duk ɗan siyasar da ya ba su haushi a shekarar. Amma ko mutumin Lewes in ya shiga gidan abinci ya ce wa abokansa "guys", ba Fawkes ne a ransa ba.

Akwai dalilin da ya sa kalmar ta kama haka, kuma Bahaushe zai gane shi da sauri. Mu muna da kai, da ke, da ku. Turanci ma a da yana bambanta tilo da jam'i, "thou" ga mutum ɗaya, "you" ga mutane da yawa ko ga babba don girmamawa, yadda a wasu gidajenmu ake ce wa dattijo ku. Garin kowa yana son a girmama shi, "thou" ta koma kamar raini, ta fice daga bakin yawancin mutane a cikin ƙarni na 17, ƙarnin da aka kashe Fawkes. Aka wayi gari harshe guda ba shi da hanyar rarrabe kai da ku. Kowane yanki ya nemi abin toshe giɓin. Mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka suka ce "y'all", wasu a Ailan da Sikotilan suka ce "yous", Turancin buroka na Najeriya ya aro "una" daga Inyamuranci. Sauran Amurka kuwa suka ɗauki "you guys". A wani binciken karin harshe da aka gudanar daga jami'ar Harvard a farkon shekarun 2000, fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka amsa ita suka zaɓa, ta fi kowace yawa. Wato a wannan gurbi kalmar ta kusa tashi daga suna, aikin "ku" take yi.

Daga nan ne gardamar da ake yi yanzu ta taso, kuma ita ce gardama mai ma'ana. Wasu mata suna cewa don me za a tara su da maza a kira su da kalmar maza? Wata malamar nazarin zamantakewa a Amurka, Sherryl Kleinman, ta yi rubutu a kan haka a 2002. Hujjarta mai sauƙi ce: gwada shiga cikin maza ka kira su da kalmar mata ka ga ko za su yarda ta haɗa kowa. A 2016 tsohon hafsan sojojin ƙasa na Ostireliya, David Morrison, ya fito ya ce ya daina amfani da ita a wurin aiki, ya nemi wasu su bi sahu. Aka yi ta cece-ku-ce, har ministar harkokin wajen ƙasar ta lokacin, Julie Bishop, ta nuna ita ba ta ga abin damuwa a kalmar ba.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. In mace ta ce ta haɗu da wani "guy", namiji take nufi, ba tantama. A tilo kalmar tana nan da jinsinta. A jam'i kuwa, wajen kira, mata zalla suna ce wa junansu "guys" kullum ba tare da wata ta ji an mai da ita namiji ba. Don haka wanda ya ce kalmar ta maza ce tsantsa bai saurari yadda ake magana ba, wanda ya ce ba ta da jinsi ko kaɗan shi ma haka. Abin da zan yi a aikace ba wuya. In abokiyar aiki ta ce ba ta so, na bari, ba abin da ya ragu a jikina, akwai wasu kalmomin. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne kamfani ko hukuma ta fitar da jerin kalmomin da aka haramta, domin an gwada juya bakin jama'a da doka a kan wannan suna har shekara 253, mun kuma ga inda aka kwana. A lura kuma, duk masu wannan gardama ba wanda ya kafa hujja da albarushin 1605. Yadda kalmar ke sauka a kunnen mai sauraro a yau suke magana a kai, kuma nan ne ya kamata a tsaya.

Mu ma kalmar ta iso mu, muka yi mata namu ɗinkin. Gaye da gayu daga nan suka fito. A Turancin buroka na Najeriya da Gana "guy" ta ɗauki ma'anar ƙwalisa da nuna isa, Hausa kuma ta karɓa ta ba ta jam'i da 'ya'ya: wani gaye, gayun unguwa, ɗan gaye, 'yar gayu, ya ci gayu. Dubi saurayi ranar Sallah, shadda tana ƙyalli ta sha guga, an kafa hula a gaban goshi, agogo ya fito daga hannun riga da gangan, turare yana riga shi isa wuri, yana taku yana kaffa-kaffa kada ƙura ta taɓa takalmi. Shi ne ɗan gaye. Kalmar da a Landan ta shekarun 1830 take nufin mai shigar tsumma, a Kano da Zinder ta zama ta wanda ya fi kowa iya sa kaya. Juyi bai wuce haka ba. Dattawa kan saka mata ɗan zargi, in sun ce yaron nan gayu ya sa a gaba, suna nufin ba ya son aikin wahala, amma wannan ma ma'ana ce da muka ƙirƙira da kanmu, ba Bature ya kawo ta ba.

Na taɓa jin wani yana yi wa matasa faɗa cewa su daina kiran kansu gayu, wai daga kalmar Turanci ta 'yan luwaɗi, "gay", aka samo. Kalmomi biyu ne daban, ba su haɗa kaka ba, waccan daga Faransanci ta shigo Turanci da ma'anar fara'a. Amma ko da ya san ainihin tarihin, ya ce musu sunan wani Kirista ne da ya so ya tayar da bam, shin hakan zai sa mai shaddar Sallah ya zama mai laifi? Irin wannan ne saƙon da ya daɗe yana yawo cewa kalmar Turanci ta masallaci, "mosque", daga sunan sauro, "mosquito", aka samo ta, wai wani sarkin Sifaniya ne ya yi alkawarin murƙushe Musulmi kamar sauro. Ƙarya ce. Daga masjid ta Larabci ta fito, ta bi ta harsunan kudancin Turai da Faransanci, sauro kuwa daga kalmar Sifaniyanci ce mai nufin ƙaramin ƙuda. Mutane nawa aka tsorata da wannan a banza?

Wani lokaci ma asalin gaskiya ya fi na ƙarya ɗaci. An daɗe ana koya mana cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi, "book", ta fito. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar tamu ce tun asali, mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ko biri-boko. Kakanninmu da suka laƙaba wa karatun Bature wannan suna raina shi suka yi. Yau uba yana sayar da hatsi ya biya kuɗin makarantar boko, yana alfahari ɗansa ya yi boko mai zurfi, kuma sanin tushen kalmar ba zai sa ya cire yaron daga aji ba. Sanin asali abu ne mai daɗi, ni kaina ina sonsa, yana nuna maka hanyar da mutane suka biyo da abin da suka tsana da abin da suka yi wa dariya. Sai dai ba ya gaya maka abin da maƙwabcinka ke nufi in ya buɗe baki da safe.

Inda nake ganin "guys" tana da ƙaya a wurinmu wani waje ne daban, kuma ba a cika zancensa ba. Kalmar tana ɗauke da zaton cewa mai magana da masu sauraro sa'anni ne. A Amurka ma tsofaffi kan yi ƙorafi in yaron da ke kawo abinci ya ce musu "you guys", balle a inda ake tuɓe takalmi a durƙusa kafin a gaida babba. Ɗalibin da ya rubuta wa malamansa saƙo ya fara da ita, ko ma'aikacin da ya tashi a taro gaban masu furfura ya jefo ta, bai zagi kowa ba, amma ya daidaita kafaɗarsa da tasu, kuma sun ji. A wani bikin aure na ga mai gabatarwa, yaro ɗan gaye da makirfo a hannu, yana ta fama da mutane su zauna, yana cewa "guys, guys, don Allah a koma kujera". Wata dattijuwa a layin gaba ta yafuto shi da hannu ta ce, "Ɗan nan, a cikin waɗanda kake kira akwai wadda ta goya uwarka." Ya sosa ƙeya ya koma cewa iyayenmu mata a yi haƙuri a zauna, aka zauna, aka ci gaba da biki.